Juya Ambulan Ka Gani

Yaya Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙafar Inna?

Juya ambulan ɗin nan ka ga adireshinmu na unguwar Woolwich, nan ƙasar Turawa. Shekara uku kuna cewa Almu ya yi kuɗi ya ɓuya. Ina kuɗin? Wani mutum ne ya addabi 'yarka Fauziyya da bibiya har ya ji mata rauni, sai hukuma ta ɓoye inda muke. Lafiya lau muka zauna, sai dai yarinyar ba ta yarda a ɗaga labule.

Yanzu an hukunta shi, an fitar da shi daga ƙasar. Na zuba babbar riga na tafi ofis in sa hannu a daina ɓoye mu, ni maigida. Jami'ar ta ce, "Ba kai aka cuta ba. Ita za ta nema da kanta, kuma kada a matsa mata." Na tattare rigata na hau bas.

Wata biyu na kama bakina, ka san wannan aiki ne. Jiya Fauziyya ta sa hannu. Rubutun bayan ambulan ma nata ne.

A aiko kilishi, baƙi su zo. Ka gaya wa Inna labulenmu a ɗage yake.

Ƙaninka,
Almu