Na Daka Mayafin Marigayiya a Turmi

Malama mai ba da shawara, don girman Allah ki taimake ni. Abin duniya ya ishe ni.

Ni mai rubuta allunan shaguna ne, ko in ce a da. Da buroshi da gwangwanin fenti na ciyar da iyalina, har injinan bugawa suka zo suka kashe mana kasuwa. Ana cikin haka mai ɗakina ta rasu. Tun daga nan hannuna ya mutu. Sai in ɗauki fensir in wuni, ko layi ɗaya ban ja ba.

'Yata, ita kaɗai Allah ya bar mini, ta gaji da ganina a zube kamar buhu, ta kai ni wajen wata mata mai koyar da haɗa littafi da hannu, a wani ɗaki bayan shagon mai gyaran takalma. Da farko na ce wasan yara ne, gemai-gemai da ni ina ninke takarda. Wallahi sai ga shi na kamu. Na koyi huda da basilla, da ɗinki da zare mai kakin zuma, da danne littafi a ƙarƙashin bulo har ya bushe. Daga baya ta nuna mana yadda ake yin ita kanta takardar da tsumma: a yayyanka, a dafa, a daka har ya narke, a tace da rariya, a shanya.

To, a nan tsautsayi ya same ni. 'Yata tana da tsohon ciki. Na ce bari in yi wa jikana littafi da mayafin kakarsa, shuɗin nan da ba ta rabo da shi, in zana masa fuskarta a ciki tunda ba zai gan ta ba. Ban yi shawara da kowa ba, ko malamar ban gaya wa ba, wai ni mai ba da mamaki. Na sa almakashi, na dafa, na daka har kafaɗata ta sage. Ya ƙi narkewa ƙememe. Ashe ba auduga zalla ba ce, akwai roba a saƙar. Yanzu wani curin zare ne ya rage a bokiti a bayan ƙofa, ko kallonsa ba na iya yi.

Kwatsam sai 'yata ta aiko mijinta, wai in ba shi mayafin, da shi take so a fara lulluɓe jaririn. Na ce ina nema. Ta kira da kanta, na sake cewa ina nema. Ƙarya a bakin mai furfura! Har kasuwa na zaga ko zan samu irinsa, sai na tuna ta san ƙunar da ke gefensa, ita ta yi ta da dutsen guga tana yarinya. Na tattara basilla da zare na cusa a ƙarƙashin gado, ban sake komawa wajen koyo ba. Duk abin da na taɓa sai ya lalace. In na faɗa mata ina tsoron halin da take ciki, in na yi shiru haihuwa na tafe. Idan yarinyar nan ta juya mini baya, ni kam tawa ta ƙare.

Tsohon mai fenti

AMSA

Baba, Allah ya jiƙan mai ɗakinka. Ba zan rufe ka ba: ka yi kuskure. Mayafin ba naka ne kai kaɗai ba. Kai matarka ka rasa, ita kuma uwa ta rasa, ya kamata ka tambaye ta kafin ka ɗauki almakashi. Amma niyyarka ba ta ɓarna ba ce. Kai da ita abu ɗaya kuka so, jaririn ya taɓa wani abu na kakarsa.

Mayafi dai ya tafi, ƙaryar ce za ka iya tsayarwa. Kada ka sayi wani, kada ka aiki surukinka, kada ka faɗa ta waya. Ka je da ƙafarka tun kafin ta haihu, ka zauna, ka faɗa mata yadda ka faɗa mini. Ka sa mijinta ya kasance kusa saboda halin da take ciki. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta ɗaga kiranka ba. Haƙƙinta ne, ka daure, kada ka ce za ka kare kanka.

Kada ka zubar da abin da ke bokitin. Ka wanke, ka shanya kafin ya ruɓe, ka kai wa malamarku ta duba. Mai yiwuwa a iya barbaɗa zaren cikin dakakkiyar auduga, shuɗin ya fito a jikin takarda. Amma ko da zai yiwu, kada ka taɓa sai 'yarka ta yarda. Wannan karon ita za ta yanke, ko da ta ce a ba ta shi haka nan ta ajiye.

Batun cewa komai ka taɓa sai ya lalace kuwa, ban yarda ba. Ɗan koyo ne ya yi aikin da bai kai gare shi ba, shi ke nan. Ka koma aji.

Na san abin da ya fi ba ka tsoro. Baba, 'ya ba ta yar da uba saboda mayafi, amma ranar da ta gano da kanta ka yi ta yi mata ƙarya, abin zai daɗe bai warke ba. Ka riga ta.

Allah ya sauke ta lafiya, ya sanyaya zukatanku, ya nuna maka jikanka a hannunka.