Gara a Ramukan Kuɓewa

Litinin, 7 ga Afrilu
Tun ina yaro a nan Wahiguya nake jin wai gara tana yi wa mutum noma. Wai ka haƙa rami a fako, ka zuba kashin awaki, ita za ta huhhuda ƙasar ruwa ya shiga. Ni da na tsufa ina kafinta, na san abin da gara take yi wa ƙyaure. Ban taɓa yarda ba.

Asabar, 19 ga Afrilu
Ɗana Isaka ya zo. "Baba, fakon bayan gidan nan ko ciyawa ba ta fitowa. In damina ta wuce ba komai, shago zan kafa." Na ce to. Nan ne marigayiya uwarsa ta so yin lambu, ciwo bai bar ta ba. Ko barkono ban taɓa shukawa ba, amma na aro diga.

Juma'a, 2 ga Mayu
Ramuka sun haƙu, bayana ya ƙage. Ba takin kanti, kashin awaki kawai. Haka marigayiyar ta so.

Talata, 20 ga Mayu
Gara ta cika ramukan. Na ɗauko baƙin man da nake shafa wa katako, na bi layin gabas ina tsiyayawa. Sai ga maƙwabcina Darabo, ɗan ƙabilar Samo, abokan wasanmu, ya leƙo ta katanga. "Bawana, masu yi maka aiki kyauta kake kashewa? Miyar baƙin mai za ka sha bana?" Na ce, "Tsohon banza, je ka ji da akuyarka." Na daina dai. Man ne ya ƙare, ba maganarsa na ji ba.

Lahadi, 15 ga Yuni
Ruwa ya sauka, na shuka kuɓewa da yakuwa. A gabas ruwan ya kwanta kamar a kwano. Yamma ta shanye nata.

Alhamis, 31 ga Yuli
Gabas ko tsiro. A yamma kuɓewa ta wuce gwiwata.

Juma'a, 22 ga Agusta
Isaka ya ci tuwo da miyar kuɓewar, ya nemi ƙari, bai ta da zancen shago ba. Da safe na zuba wa ramukan yamma ɓawon katakon da ya rage mini. Share wuri nake yi kawai.

Mutane da yawa sun faɗa mini maganar garar nan. Wadda ta faɗa mini ƙarshe, a bakin fakon, tana dafe da kafaɗata tana mai da numfashi, matata Rasmata ce.