Babur ɗin Baba ya daina ihu

Asabar da dare, Narayi

Hannuna har yanzu warin fetur yake yi, amma yau raina fes. Tsohon babur ɗin marigayi Baba ya daina ihu!

Tun makon jiya, da na tayar da shi sai silo, wato bugun injin in ba a tafiya, ya haye sama, babur yana tsaye yana ƙugi kamar an murɗe totur. Yaya Bulus ya ce in sayar wa 'yan gwangwan in huta. Maganar ta ƙona min rai.

Da safe na kwance kafireta, na wanke ta tas, na mayar. Na yi ta juya ɗan notin silo, a banza. Har na fara zagin ƙarfe.

Sai ga matata Rifkatu da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Baban Joy, ka dai bar min robata a wurin."

Na ce, "Wace roba?"

Ashe ranar da na kai ta zumuntar mata a coci, da ta ɗaure jakarta da roba a hannun babur, ta haɗa da wayar totur ta tamke. Ta cire jaka, ta bar robar don wani makon. Ina kwancewa waya ta saki, na ɗan juya noti, injin ya kwanta: tuf, tuf, tuf. Muka yi ta dariya har da hawaye.

Mama ta leƙo daga ɗaki, ta tsaya tana saurare. Can ta yi murmushi ta ce, "Haka nake jin sa in Babanku ya shigo layi."