Rigar Mama da Na Warware

Tsibirin Yell, 4 ga Maris, 1958

Zuwa ga maigidana Lowrie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma tarin nan ya sake ka. Yaya teku, yaya abokan aiki? Mu nan lafiya lau, sai iska da ta yi gaba da rufin akurkin kaji. Tun kafin ka tafi na ce ka buga masa ƙusa, ka ce sai ka dawo. To, yana can gonar maƙwabta yana jiranka.

Ran ashirin ga wata Yaya Merran za ta cika shekara hamsin, kuma wannan ce ranar haihuwarta ta farko babu Mama. Na ɗauko tsohuwar rigar sanyin Mama, mai ruwan toka da ja ɗin nan da take sawa zuwa coci. Gwiwar hannu duk ta ɓule, asu ma ya ci gefe. Na warware ta kamar yadda ake yi wa kowace tsohuwar riga, na wanke zaren ya miƙe, na nannaɗe. Da shi na saƙa wa Yaya 'yar jaka daidai tafin hannu, mai igiya a baki, ta riƙa zuba allura da almakashi. Kwana uku na gama. Na san sai ta juya cikinta ta leƙa inda na yi kuskure, amma oho.

Ka riƙa rufe ƙirjinka. Ina kewarka.

Matarka,
Osla

Yell, 25 ga Maris, 1958

Maigida,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni kam jikina lafiya, amma raina a jagule yake.

Na shiga jirgin ruwa na je garin Lerwick na kai wa Yaya jakar da hannuna. Ta yi murna, har tana tsokanata wai ashe na koyi rufe bakin saƙa da tsufana. Sai ta kai ta bakin taga, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Osla, ina kika samo wannan jan? Ai rinin Mama ne." Da na gaya mata, sai ta nemi kujera ta zauna. Shayin da ta zuba mana a nan ya huce.

Kai namiji ne, bari in yi maka bayani. Zanen da ke ƙirjin rigar nan na kakarmu ne, ita ta koya wa Mama, kuma ba a taɓa sa shi a takarda ba. Wa ke rubuta saƙa? A ka take, ko a jikin riga. Yaya ta bar gida tana 'yar shekara sha shida ta tafi aikin gyaran kifi, ba ta samu ta koyi zanen ba. Ni da na zauna, ban taɓa mai da hankali ba. Ashe niyyarta ta zo da bazara ta shimfiɗa rigar, ta ƙirga layi-layi, ta saƙa wa jikarta irinta. Babu wata riga mai zanen nan a duniya, Lowrie. Ita kenan, kuma na mai da ita ƙulli-ƙullin zare.

Kwana biyu muka yi da tsinken saƙa a hannu muna ƙoƙarin tunawa. Layi huɗu muka yarda a kansu, a na biyar muka soma gardama, kuma babu mai raba mu. Muka ɗauko hoton Mama na bikinmu, sai ga ta cikin rigar amma ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta rufe komai. Da na dawo na je wurin tsohuwa Baabie, ƙawar Mama. Idonta ya tafi, amma ta ce in sa mata rigar a hannu, yatsunta za su karanta. Wayyo, sai na yi mata sallama na fito.

Ranar da zan baro Lerwick, a bakin jirgi kuka ya ƙwace mini. Yaya ta rungume ni ta ce, "Haba auta, share hawayenki. Ai ba ki sani ba." Jakar tana rataye a wuyanta.

Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Osla

Yell, 9 ga Afrilu, 1958

Lowrie nawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Tumaki sun fara haihuwa, tara kawo yanzu, duk a raye. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ban gaya maka gaskiya duka ba. Mako guda kafin Mama ta rasu, ina ba ta kunu, ta kama hannuna ta ce, "Rigar cocina ki ba Merran, ita ce mai hannu a saƙa." Ka ji fa! Shekara uku ina juya ta a gado, ina wanke ta, ina kwashe abin da ba ya faɗuwa, Yaya kuwa sai ta zo sau biyu a shekara da alewa a jaka. Amma ita ce mai hannu. Maganar nan ta ƙona mini rai, ban gaya wa kowa ba, har kai.

Ranar da na zauna warwarewa na ce wa kaina ai ba ta zan yi, na cika wasiyya kenan. Ƙarya nake yi. Da na zo kan zanen ƙirjin sai da na tsaya, na san abin da ke hannuna sarai. Na ja zaren, kuma wallahi a lokacin har daɗi na ji. Yanzu ina jin kunyar kaina, kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Mama ta tafi ba zan iya roƙonta gafara ba, zanen kaka kuma ba zai dawo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yaya ta yafe mini laifin da ba shi na yi ba. Jiya ma ta aiko mini da sabon ulu, wai kar in sa abin a raina. In na yi shiru, ina da 'yar'uwa har in mutu. In na faɗa, ka san zuciyarta, ba lallai ta sake taka gidan nan ba, kuma ita kaɗai ta rage mini.

Na rubuta mata komai, ban rage ko kalma ba. Wasiƙarta tana nan kan tebur kusa da taka, na riga na liƙe ta. Jirgin wasiƙu zai tashi ranar Alhamis. Taka dai tabbas za ta tafi.

Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Matarka mai ƙaunarka,
Osla