Ƙwayar da Ba Ta da Dangi

Damagaram, Litinin

Yaya Mai Nasara,

Gaisuwa mai yawa. Ina su Ramlatu da yara? Tunda ba ka ɗaukar salula, ga takarda ta hannun direban Gidimuni.

Yau kwana arba'in da rasuwar Inna, ni kuma ina nan ɗakin da aka ware ni a asibiti. Gyambon ƙafata ya ƙi jin allura, an canza kala huɗu. Ba mai shigowa sai Tabita, matar labo mai gwajin jini, ita ma da safar hannu. Wallahi Yaya, kewa ta fi ciwon cina.

Na ji ana cewa ni na shafa wa Inna ƙwayar cutar lokacin da ta zo jinyata. Kai ma haka ka ɗauka? Ka faɗa mini.

Ƙanwarka,
Zuliha

Gidimuni, Alhamis

Zuliha,

Bayan gaisuwa, Allah ya ba ki lafiya. Inna ta bar gida da ƙafarta, dokotoro kuma ya ce sunan cutarku ɗaya. Ban ce da gangan kika yi ba. Amma ina da yara. Takardarki ma da tsinke Ramlatu ta buɗe ta. Ki yi haƙuri.

Mai Nasara

Damagaram, Laraba

Yaya,

Ina gaishe ka. Da tsinke! To, ku sake ɗauko shi.

Ashe tun Inna na kwance Tabita ta aika ruwan gyambona da jinin Inna Yamai, tare da na wasu marasa lafiya goma sha ɗaya, aka binciki asalin ƙwayoyin. Jiya amsa ta zo. Suna ɗaya ne, amma zuri'a biyar ce daban-daban, kamar Abdulmumin ɗanka da Abdulmumin na maƙwabta. Ta Inna irin ta mutum uku ce a ɗakin da aka kwantar da ita. Ba tawa ba ce, Yaya.

Tawa kuwa ba ta haɗa jini da ta kowa ba. Na yi dariya har Tabita ta tsorata, sannan na yi kuka. Ko ƙwayar da ke cina ba ta da dangi a nan.

Ka huta lafiya,
Zuliha

Gidimuni, Juma'a

Zuliha ƙanwata,

Da hannuna na buɗe wannan, sau uku na karanta. Na kasa haɗa ido da Ramlatu, ita ma haka.

Ki tambayar mini Tabita, in an hana ni shiga, ana barin mutum ya zauna bakin taga? Asabar ina motar farko.

Yayanki