Mutumin da Baffa Ya Rataye

Baffa,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Kaka da duk mutanen gida. Na zaɓi rubutu ne don na san in na kira ka a waya zan rikice, in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Ranar Talata wata mata ta zo ɗakin gwajin jini inda na fara aiki. Ta zauna a benci har layi ya ƙare, ba takardar likita a hannunta. Da na tambaye ta, sai ta ce ita 'yar mai waldar nan ce, wanda ya bugi Baba da ƙarfe a kan rigimar filin gaban shago. Na ce Allah ya ji ƙan mahaifinta. Ta dube ni ta ce ai yana raye.

Ban yarda ba sai da na je ofishin kwamitin afuwa da kaina. Gaskiya ne. An yanke masa hukuncin kisa shekara ashirin da shida da suka wuce, amma ba a taɓa sa hannun zartarwa ba. Yanzu ana so a rufe tsofaffin shari'o'i. Kafin ƙarshen wata mai zuwa, ko a zartar, ko a mayar masa ɗaurin rai da rai. Kwamitin ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakin iyayen mamaci, in suna raye, sannan 'ya'yansa. Wato Kaka, sannan ni.

Tun ina ƙarami kuka ce mini an rataye shi. Umma har ta rasu haka ta sani. Ko kuskure aka yi wajen ba ku labari?

Na bar ka lafiya,
Ɗanka.

Likita,

Na amsa gaisuwa. Kakarka lafiya lau, sai ciwon gwiwa da yawan faɗa.

Ba a yi kuskure ba, ni na faɗa. Lokacin kana goye. Bayan hukunci, kullum da safe tsohuwar nan sai ta fito da kujera bakin ƙofa, duk wanda ya wuce ta tambaye shi ko an yi. Ta daina cin abinci, ta koma kamar sanda. Wata rana na dawo daga aiki na ce mata an yi. Ta ɗauki kujerarta ta shiga ciki. Da ban yi haka ba, da gawa biyu muka binne.

Kada ka kuskura ka tayar mata da wannan magana. Ka ce wa kwamitin ta tsufa, hankalinta ya gushe, ni zan tsaya a madadinta. Maganata kuwa ɗaya ce, a zartar. Ni na saɓa ƙanena a kafaɗa zuwa asibiti, jininsa na bin bayana. Shekarun da wancan ya yi yana numfashi, ubanka bai samu ko ɗaya ba. In sun yi yanzu, ƙaryata ta zama gaskiya, kowa ya huta.

Allah ya yi maka albarka,
Baffanka.

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin ka karanta. Ni ba likita ba ne, jini kawai nake aunawa, amma ba zan iya gaya wa kowa hankalin Kaka ya gushe ba. Matar da har yau ba ta rikita sunan jika ko ɗaya.

Na je gidan yari na ga mai waldar. Ban shirya abin faɗa ba, shi ma haka. Idonsa ɗaya ya mutu, ko kofin ruwa sai da gandiroba ya riƙe masa. Bai musanta komai ba. Ya ce duk safiyar da aka buɗe ƙofar ɓangarensu kafin lokacin abinci, sai ya ɗauka shi aka zo tafiya da shi, har yau bai saba ba. Ya tambaye ni ko ni ne jaririn. Na yi ta neman wanda ya kashe Baba a fuskarsa, ban san ko na gan shi ba.

Ban ce na yafe ba, Baffa. Wani lokaci sai in ga kana da gaskiya, tsufan mutum ba ya goge abin da ya aikata. Wani lokaci kuma sai in ga wanda za a rataya yanzu ba shi ne wanda alƙali ya gani ba. Barci ya ƙaurace mini, jiya har na maimaita gwaji ɗaya don ban yarda da hannuna ba.

Abu ɗaya na tabbatar: Kaka za a fara tambaya, kuma ɗanta ne aka kashe. Zan zo ranar Asabar. Ina roƙon ka faɗa mata da bakinka kafin in iso. In ba ka iya ba, zan faɗa, amma a gabanka.

Ka yi haƙuri da ni,
Ɗanka.

Maigida,

Ni ce Kakarka, Baffanka ke rubuta mini. Na ce ko kalma kada ya canza, zan sa a karanta mini. Ina gaishe ka, miji marar cefane.

Ya faɗa mini jiya, har da maganar hankalina ya gushe. Ya zauna a ƙasa da furfurarsa. Ban yi masa faɗa ba tukuna, tarawa nake.

Ka ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da ya ce an yi, na shiga ɗaki na zauna, ina jiran sanyi ya sauko mini a ƙirji. Bai zo ba. Na shigar da kujera ne don ba sauran abin jira, ba don na huta ba. Sai ma na ƙara da tunanin uwar mutumin, wadda muke gaisawa a bakin famfo.

To ni an riga an rataye mini shi sau ɗaya, na ga abin da ya kawo. Ba na son na biyu. Wannan tawa ce. Kai ma za a tambaye ka, kuma uba aka raba ka da shi, don haka taka tana bakinka.

Ka zo Asabar ɗin. Ina so in je gaban 'yan kwamitin nan da ƙafata, su duba ko hankalin ya gushe.

Kakarka.

Likita, na rubuta yadda ta faɗa. Ni ra'ayina bai canza ba, kuma zan faɗa musu. Amma ni zan tuƙa ku.