Gaisuwa a Kan Babur

Hayin Banki, Kaduna
Talata

Nafi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ya jikin? Ya ƙafar? Ki gaida Umma, ki gaida Baba in har ya yarda a ambaci sunana a gabansa.

Kar ki yi mamakin ganin takarda. Wayarki na hannuna, gilashin ya farfashe tun ranar, ta ƙi kawo wuta. Na kira layin Umma har na gaji, ba a ɗauka. Jiya da na tashi daga ofis na zo Rigachikun, na yi sallama, aka aiko a ce mini kina barci, Baba kuma ba ya ganin kowa. Na tsaya a ƙofar gida har aka kira magariba, sannan na juyo. Maƙwabciyarmu Maman Elisha ce ta ganni zaune a tsakar gida kamar an yi mini mutuwa, ta ce in rubuta, tunda makarantar da take koyarwa na bayan layinku, za ta miƙa miki hannu da hannu.

Abu ɗaya nake son sani: abin da ke cikinki yana motsi? Don Allah kar ki ɓoye mini. Bayan ɓarin da kika yi bara, muka kawo wannan wata takwas muna lallaɓawa, a ce ni da kaina zan kayar da ke!

Tun Asabar abin ke dawo mini. Mun sayo kayan haihuwa, mun iso Kawo, cunkoso ya sa muna tafiya a hankali, sai na hango Baba a bakin tasha ya ba mu baya yana sayen lemo. Ban san lokacin da na taka birki na ɗaga ƙafa zan dira ba. Ban kafe babur ɗin ba, ban ce ki sauka ba. Ke kuma kin zauna ta gefe ɗaya da baho a cinya. Sai ji na yi ya rinjaye ni, na riƙe kansa da iya ƙarfina, ina! Ya kwanta da ke. Ko madubi bai fashe ba, Nafi, ke kaɗai ya samu.

Alfarma ɗaya nake nema. Kar ki gaya wa Baba abin da ya sa na yi saurin sauka. Ki bar laifin a kaina, dama nawa ne.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya raba lafiya.

Mijinki,
Suhaib

*

Rigachikun
Laraba

Yallaɓai,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonka, na karanta shi a banɗaki kamar mai laifi. Umma na amsawa. Baba kam ban isar masa ba, ina son kunnena.

Ƙafa da sauƙi. Salansar babur ɗin ce ta ƙone ni a ƙwauri, ya tashi ya yi ruwa, Umma na shafa mini man da aka ba mu a asibiti. Wannan ba komai ba ne. Ka ce kar in ɓoye maka, to ga gaskiya: yana motsi, amma ba kamar da ba. Ka san yadda yake harbina in na sha ruwan sanyi har kana cewa ɗan ƙwallo zan haifa maka? Yanzu sai in sha, in kwanta ta hagu, in yi ta jira, can sai ya ɗan juya kamar ba ya so. Na ga ɗan jini ranar Lahadi, ya tsaya. Likita ta ce in kwanta kawai, ko tsintsiya kar in ɗaga, ranar Juma'a a sake hoton ciki. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Yanzu bari in zo kanka. Haba Yallaɓai! Baba na tambayarka a gaban jama'a yadda aka yi, ka durƙusa a kan kwalta ka sunkuyar da kai, ko uffan. Ni ina kwance ina jin ka, da ina da ƙarfi da na tashi na girgiza ka. Ka san abin da yake faɗa wa duk wanda ya zo dubiya? Wai gudu ka kwaso da mace mai ciki, ka ci birki. Kai da 'yan keke ke yi wa hon saboda tafiyarka ta tsofaffi! Jiya na ji shi yana ce wa Umma ko na haihu, ko na yi arba'in, ba inda zan koma sai ya ga abin da ya gani.

Kuma wai kar in faɗa. Ka ɗauka na manta? Muna sabon aure ka zo ɗaukata, ka gaishe shi kana kan babur, ya sa aka kira ka zaure ya ce ɗan mutunci ba ya gaida babba a kan abin hawa. Tun ranar ko hularsa ka hango daga nesa sai ka dira kamar an tsikare ka. In ni kaɗai ce ina ta yi maka dariya. Ga inda dariyar ta kai mu.

Na yi shiru zuwa yanzu don ka roƙe ni, amma ban yi maka alkawari ba. Ka ci abinci. Maman Elisha ta ce kwanon da ta kai maka jiya haka ya dawo.

Ka huta lafiya.

Taka,
Nafisat

*

Rigachikun
Alhamis

Zuwa ga Suhaibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya.

Na samu labarin takardu na shiga gidana suna fita ta hannun maƙwabciyarku Malama Faith, wadda kuke kira Maman Elisha. Ban hana ta ba, mutuniyar kirki ce. Tunda ka zaɓi takarda, ni ma ga tawa. Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, ban saba yin magana mai nauyi a waya ba.

Na ba ka Nafisatu ne bisa amana. Ranar Asabar ina tsaye a Kawo na ji ƙara a bayana, na waiwaya na ga 'yata a ƙasa, babur a kan ƙafarta, tana riƙe da ciki. Ba na yi wa kowane uba fatan ya ga irin wannan. Na tambaye ka sau uku yadda aka yi, ba ka ba ni amsa ba. Mutumin da ya yi kuskure yakan faɗi kuskurensa. Shirunka ya nuna mini akwai abin da kake ɓoyewa, ko gudu, ko latsa waya.

Saboda haka ina son bayani a rubuce, dalla-dalla. Kafin nan kada ka sake zuwa ƙofar gidana, tsayuwarka na tara mini jama'a. Idan wani abu ya samu abin da ke cikinta, to ni da mahaifinka za mu zauna.

Wassalam.

Sanda Abdurrahim

*

Hayin Banki
Alhamis da yamma

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ina gaida Umma. Allah Ya ƙara girma da nisan kwana.

Na karanta takardarku. Duk abin da kuka faɗa a kaina kuna da gaskiya. Ban yi gudu ba, ban taɓa waya ba, Allah ne shaidata. Tsayawa na yi, na tashi sauka ban kafe babur ba, ya faɗi da ita. Ganganci ne nawa ni kaɗai, ba ni da wani bayani da ya wuce wannan.

Ba zan zo ba tunda kun hana. Roƙona ɗaya, gobe in an yi hoton, a taimaka a sanar da ni abin da likita ta ce, ko ta bakin Malama Faith ne.

Ku yi haƙuri, ku yafe mini.

Ɗanku,
Suhaib

*

Rigachikun
Juma'a da safe

Yallaɓai,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake.

Tun jiya da la'asar ban ji motsi ba. Na sha ruwan sanyi, na ci dabino, na yi masa magana, shiru. Da asuba marata ta fara ciwo, yana zuwa yana tafiya. Umma na haɗa kaya, Baba ya fita neman mota. Ba zan jira layin hoto ba, kai tsaye za a wuce da ni.

Na karya maganarka, kuma ban yi nadama ba. Da safen nan Baba ya shigo da takardarka yana karanta wa Umma, yana cewa, "Ji rainin hankali. Mutum ya tsaya a tsakiyar Kawo haka kawai ya ce zai sauka? Sauka ya je ina?" Ni kuma ciwo ya ishe ni, zuciya ta ciyo ni, na ce, "Gaishe ku zai yi, Baba." Ya ce, "Me kika ce?" Na ce, "Ku ya hango. Ku kuka ce kar ya sake gaishe ku a kan babur. Tun ranar bai sake ba. Sauri yake ya durƙusa kafin ku waiwayo ku gan shi a zaune, shi ne ya manta da ni da babur ɗin gaba ɗaya."

Umma ta ce, "Ke Nafisa, ubanki kike gaya wa haka?" Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba sai yau. Shi kuwa ya daɗe tsaye yana kallon takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya fita. Takalmin Umma ya zura, bai ma lura ba. Ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

Kai ma ina fushi da kai, ka sani. Ka gwammace a ce maka maƙaryaci da ka sa surukinka jin kunya. To ni fa? Wa ya tambaye ni ko zan iya haihuwa ba tare da na san kana bakin ƙofa ba?

Ga motar nan na ji tsayuwarta. Maman Elisha na tsaye a kaina tana jira, za ta makara aji. Ka yi mana addu'a a masallacin Juma'a. In wani abu ya faru, ban riƙe ka ba, ka ji? Ban riƙe ka da komai ba.

Nafi

*

Rigachikun, ƙofar gidanku
Juma'a bayan la'asar

Nafi,

Assalamu alaikum. Ban san ko takardar nan za ta same ki ba, zan tura ta ta ƙarƙashin ƙofa.

Maman Elisha ta kira ni tana fita daga gidanku, ta karanta mini taki a waya, ba ta iya jira ta taso ba. Na bar ofis ko izini ban nema ba. Na je asibitin da kike awo, suka ce an zo da ke an tura ku gaba, wadda na samu ba ta san ina ba. Na zaga asibiti uku har Mando, babu sunanki. Wayar Umma a kashe, ta Baba na shiga ba a ɗauka. Na dawo nan na tarar da kwaɗo a ƙofa, na saɓa wa Baba na zo, Allah Ya yafe mini.

Babur ɗin na gida, na kasa hawansa, a motar haya nake ta yawo. Na daina damuwa da abin da Baba zai ce. Ya kira mahaifina, ya kira duk wanda zai kira. Ke dai ki tashi, abin da ke cikinki ya yi kuka mu ji. Zan koma gida in jira, ko wani zai neme ni a can.

Allah Ya sauke ki lafiya.

Suhaib

*

Asibiti
Asabar da safe

Suhaibu,

Assalamu alaikum. Na ga kiranka jiya, bakina ne ya kasa. Na roƙi Malama Faith ta zo ta karɓi wannan, ita za ta nuna maka inda muke.

An yi wa Nafisatu aiki. Mace aka samu, 'yar ƙarama ce, an sa ta a kwalba, amma tana numfashi da kanta, kuma na ji kukanta da kunnena. Uwar ta farfaɗo, sunanka ta fara kira. Ban yi wa jaririyar huɗuba ba, na bar maka, haƙƙinka ne.

Ka hawo babur ɗinka ka zo, a hankali. Za ka same ni a bakin ƙofar asibiti. In ka hango ni, ka yi zamanka a kai, ka ɗaga mini hannu kawai. Ni zan ƙaraso.

Wassalam.

Babanku,
Sanda